Kumburin Ciki: Rabon Tumbi da Rabon Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Wannan ruwan leda da aka ajiye mini a kan tebur kada a ɗauke shi, ba sha zan yi ba tukuna, yana da aikin da zai yi mana nan gaba.

An ce in yi magana a kan kumburin ciki. Ba sai na ce mai fama da shi ya ɗaga hannu ba, don na san kunya za ta hana wasu. Wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda ya tambayi mutum sama da 50,000 a ƙasashe 26, ya samu kusan mutum 18 cikin 100 suna jin kumburin ciki aƙalla sau ɗaya a mako, kuma mata sun kusa ninka maza. Ku dubi yawanmu a ɗakin nan ku yi lissafi da kanku.

Mai kumburin ciki idan ya zo gaban likita, kusan maganarsa ɗaya ce: "Likita, iska ce ta cika mini ciki." Kafin ya iso ya sha maganin olsa, ya sha na taifot, ya sha na basir daga wurin mai lasifika a bakin kasuwa, wani ma an ce masa sammu ya ci a abinci. A yi gwajin jini, a yi sikanin, a ce ba a ga komai ba. Ya fita ransa a ɓace, yana ganin ko dai likitan bai san aikinsa ba, ko kuma ana nufin ƙarya yake yi. To ba ƙarya yake yi ba. Ciwonsa na nan, yana hana shi barci, yana hana shi ɗaure wando. Sai dai a mafi yawan mutane laifin ba na yawan iska ba ne. Laifin yana cikin yadda ciki da ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo, da abin da jiki yake yi idan saƙon ya iso.

Mu fara da iskar, tunda ita ake tuhuma. Lafiyayyen mutum, a kowane lokaci ka auna shi, iskar da ke tumbinsa da hanjinsa ba ta wuce mililita 100 zuwa 200. Ledar nan 500 ce, ke nan ko rabinta ba ta kai ba. A yini yana fitar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi ta ƙasa, kamar sau 10 zuwa 20, mai mulki da talaka duk haka ne, ba wanda aka ɗauke wa. (Dariya.) Iskar ta hanya biyu take zuwa. Akwai wadda muke haɗiya tare da abinci da ruwa da yawu, mafi yawanta gyatsa ke fitar da ita. Akwai kuma wadda ƙwayoyin bakteriya na babban hanji suke samarwa idan suka samu ragowar abincin da ƙaramin hanji bai narkar ba.

A 1975, a birnin Minneapolis na Amurka, wani likita mai suna Michael Levitt da abokan aikinsa suka ce bari su auna. Suka tara masu kukan iska ta dame su, suka tara lafiyayyu, suka wanke iskar hanjin kowa suka auna yawanta. Kusan daidai suka samu. Amma da suka riƙa ɗura musu iska a hanji ta cikin siririn tiyo, masu kukan ne suka fi jin ciwo. Shekara biyu kafin nan, a 1973, wani likita a Ingila mai suna James Ritchie ya sa ƙaramin balan-balan a babban hanjin mutane yana hura shi a hankali. Da ya kai mililita 60, fiye da rabin masu ciwon cikin nan da ba a ganin dalilinsa sun ce suna jin ciwo, alhali a cikin lafiyayyu ko ɗaya cikin goma bai kai ba. Hurin ɗaya ne, jin ne ya bambanta. Yau sama da shekara hamsin ke nan da sanin wannan, amma har gobe magani na farko da ake miƙo wa mai kumburi a kemis na korar iska ne.

Yanzu mu zo kan tumbi. Tumbin da babu komai a cikinsa ɗan ƙarami ne, a tsuke yake. Amma ku tuna abin da mutum ɗaya yake iya aikawa a gidan biki. Yana iya ɗaukar lita ɗaya, lita ɗaya da rabi, ba tare da mai shi ya ji zai fashe ba. Dalili shi ne da zarar loma ta wuce maƙogwaro, ɓangaren saman tumbi yakan saki jikinsa ya buɗe don ya karɓi abin da ke tafe. Ba abincin ne yake tura shi da ƙarfi ba, umarni ne yake zuwa ta jijiya tun kafin tumbin ya cika. Masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna cewa a cikin masu yawan kukan ƙoshi da wuri da nauyin ciki bayan cin abinci, waɗanda aka leƙa tumbinsu ba a ga gyambo ba, kusan huɗu cikin goma wannan sakin ne ba ya faruwa yadda ya kamata. Loma biyar ta tuwo, sai mutum ya ji kamar ya cinye malmala uku. Uwa tana faɗa, "ba ka ci komai ba," shi kuma yana rantsuwa ya ƙoshi. Dukansu gaskiya suke faɗa.

Jijiyar da ke kai wannan umarni sunanta bagas. Daga gindin ƙwaƙwalwa ta fito, ta biyo wuya, ta ratsa ƙirji, ta bazu a tumbi da hanji. Abin da zai ba ku mamaki, kusan kashi 80 cikin 100 na zaruruwan da ke cikinta ba umarni suke kaiwa ƙasa ba, rahoto suke kaiwa sama. Ciki ya fi yi wa ƙwaƙwalwa magana fiye da yadda take yi masa. Bayan haka shi kansa bangon hanji yana da nasa ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, waɗanda suke tafiyar da motsinsa ko ana barci.

Tasirin ɓacin rai a kan tumbi kuwa, da ido aka fara ganinsa. A 1822, a tsibirin Mackinac da ke Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta fasa wa wani saurayi mai suna Alexis St. Martin gefen ciki. Allah bai yi kwanansa ya ƙare ba, ya warke, amma ramin bai rufe ba, ana iya leƙa cikin tumbinsa daga waje. Likitan sojan da ya yi jinyarsa, William Beaumont, ya shafe shekaru yana ɗaura guntun nama a zare yana zura masa ta ramin yana ciro shi ya ga yadda ya narke. A cikin abin da ya buga a 1833 har da cewa idan saurayin ya fusata, narkewar abincin takan yi jinkiri. Kuma ya sha fusata, don wa zai so a mai da cikinsa wurin gwaji? Yau da za a yi wa mutum haka da an rufe asibitin, amma abin da Beaumont ya gani yana nan daram.

To me ƙwaƙwalwa take yi da wannan tulin rahoto? Mafi yawansa toshe shi take yi. Yanzu haka hanjin kowa a nan yana motsi, yana matsa abincin rana, ba wanda yake ji. Kafin in yi wannan magana, akwai wanda yake jin wuyan rigarsa a fatarsa? Babu. Yanzu da na faɗa kowa ya ji. Na ga Malam can har ya kai hannu. (Dariya.) Saƙon yana ta zuwa tun safe, ƙwaƙwalwa ce ta ga ba shi da amfani ta hana shi isowa hankalinka. Mai kumburin ciki, wannan tacewar ce ta yi rauni a game da cikinsa. Ko dai jijiyoyin hanjin sun zama masu saurin ɗauka, ko kuma ƙwaƙwalwa ta daina toshe su, sau da yawa duka biyun. Sai motsin da kowa yake da shi ya zame masa nauyi da cika da tsuka.

Me ke kawo haka? Wani bayan ya yi mummunar gudawa ne. Kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka yi gudawar da ƙwayar cuta ta jawo, cutar takan tafi amma hanjin ya ci gaba da damuwa watanni ko shekaru. Wani rashin barci ne. Wani kuma zullumi ne mai tsawo: bashi, rigimar gida, tsoron hanya, ɗa da ya gama karatu yana zaune. Sannan akwai tarkon da ya fi kowanne kama mutane, wato sauraren ciki. Wanda ya sa a ransa cewa akwai mugun abu a cikinsa, da ya ci loma sai ya kasa kunne. Da ya kasa kunne sai ya ji. Da ya ji sai tsoron ya ƙaru. An gwada wannan a kan masu cewa alkama ce ke dame su: waɗanda aka gaya musu akwai abin da suke gudu a cikin burodin sun fi jin ciwo, ko da babu shi a ciki. Shi ya sa a 2016 ƙwararrun da ke tsara sunayen waɗannan cututtuka, waɗanda ake kira kwamitin Rome, suka sake musu suna suka ce cututtukan mu'amalar hanji da ƙwaƙwalwa ne. Kuma kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Binciken da suka yi a ƙasashe 33 har da Najeriya da Gana a ciki, a waɗannan biyun gida-gida aka bi, kuma an same su.

Na san akwai wadda take cewa a ranta, "Likita, duk na ji, amma nawa ba ji ba ne kawai. Da safe cikina a shafe yake, kafin magariba sai in sassauta zani, har an taɓa yi mini barka." Gaskiyarki. Abu biyu ne: akwai jin cika, akwai kuma fitowar cikin da ido yake gani. A birnin Manchester sun ɗaura wa mutane wani bel mai auna faɗin ciki tsawon yini da dare. Kusan rabin masu kukan kumburi ne cikinsu yake fitowa da gaske, wasu har santimita 12 yake ƙaruwa kafin dare, ya sauka idan sun kwanta. To idan ba iska ba ce, mene ne yake turo shi?

Nan ne aikin likitocin asibitin Vall d'Hebron da ke Basalona ya shigo, su Fernando Azpiroz da Juan Malagelada. Ina so a saurara da kyau, don wannan shi ne abin da mutane ba su taɓa ji ba.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san wani shimfiɗaɗɗen nama mai tantani da ya raba ƙirji da ciki, huhu da zuciya a samansa, hanta da tumbi a ƙasansa. Mu ma muna da shi, da shi muke numfashi. Idan ya sauka, iska ta shiga huhu. Idan ya hau, ta fita. A lafiyayyen mutum, idan ciki ya karɓi abinci, wannan tantani yakan saki ya ɗan hau sama ya ba da wuri, naman gaban ciki kuma ya ɗan ɗaure ya riƙe kayan. Shi ya sa za ka ci ka ƙoshi cikinka bai fito sosai ba. Ba ka san kana yi ba, jiki ne yake yi da kansa.

Likitocin Basalona suka ce wa majinyatansu, ku zo mu ɗauke ku hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, ranar da cikin yake lafiya, ku sake dawowa a lokacin da ya kumbura. Sun buga sakamakon a 2009. Da aka jera hotunan biyu, ƙarin iskar bai kai ya cika ƙaramin kofin shayi ba. Abin da ya canza shi ne tantanin ya sauko ƙasa kimanin santimita ɗaya, gaban ciki kuma ya turo waje. Wato jikin ya yi akasin abin da ya kamata: na sama ya danno, na gaba ya saki.

Ga ledar nan. Ku duba, na tsayar da ita a tafin hannuna. Ruwan cikinta 500 ne. Yanzu zan danna ta daga sama da ɗaya hannun. Kun ga gefenta ya bullo? Na ƙara mata ruwa? Ko ɗigo. Na sake ta, ta koma. Cikin Hajiyar da aka yi wa barka ke nan. Kayan cikin ba su ƙaru ba, wuri aka canza musu.

Sun sake gwadawa a 2019 da masu cewa latas ne yake kumbura musu ciki. Suka duba latas ɗin, suka ga iskar da yake samarwa kaɗan ce, ba ta kusa da ta wake ba. Suka ɗauki hoton masu kumburin bayan sun ci, sai ga tantanin ya sauko. Ke nan abincin ya taɓa jijiya mai saurin ɗauka, jiki ya amsa da amsar da ba daidai ba. Abin farin ciki, da yake wannan nama ne da mutum yake da iko a kansa, ana iya koya masa. Sun riƙa manna wa majinyata wayoyi suna nuna musu motsin naman a allon kwamfuta, suna koya musu sakin ƙirji da ɗaure gaban ciki, kuma faɗin cikin ya ragu a awo, ba a baki kawai ba.

Wannan ba ya nufin abinci ba shi da hannu. Wake yana da wasu nau'o'in sukari da ɗan Adam ba shi da abin narkar da su, sai sun isa babban hanji bakteriya su yi bikinsu. Albasa da tafarnuwa da alkama suna da makamancin haka, mangwaro ma idan aka yi masa zaman dirshan. Jami'ar Monash ta Ostareliya ce ta tattara waɗannan abinci a rukuni ɗaya tun 2005. Amma ga inda maganar ta dawo: a Nottingham ta Ingila an ba masu ciwo da lafiyayyu irin wannan sukari, aka ɗauke su hoton MRI, shi ma mai nuna cikin jiki. Iskar da hanjin kowa ya yi kusan ɗaya ce. Masu ciwon ne suka ji ta. Shi kuma maiƙo, aikinsa daban ne. Yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana rage tafiyar iska a hanji, yana kuma ƙara wa jijiyoyin saurin ji.

Ku kawo wannan ku ɗora a kan faifan buɗa-baki. Tumbi ya wuni a tsuke. An kira salla, cikin minti goma an aika masa kunu kofi biyu, ƙosai mai ɗigar mai, soyayyar doya da ƙwai, lemon kwalba mai gas, duk a gurguje ana haɗiyar iska, sannan a miƙe a tabarma. Wake, maiƙo, gas, sauri, kwanciya, ba abin da aka bari. Daga nan a ce azumi ne ya tayar da olsa. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, malamai sun fi ni sanin sharhinsa. Ni dai a matsayina na likita kason numfashin ne yake ɗaukar hankalina, don tantanin nan da na nuna muku yana buƙatar wurin da zai yi motsi.

Sai taurin bayan gida, wanda mutane ba sa kawo shi da kansu sai an tambaya. Idan hanya a cushe take, komai zai tsaya a baya. Mutane da yawa da an gyara wannan kumburin yake raguwa.

Kafin in faɗi abin yi, bari in ja kunne, don kada wani ya fita ya ce likita ya ce duk kumburi daga kai yake. Kumburin da na bayyana yana hawa yana sauka: da safe babu, da yamma akwai. Wanda kullum ƙaruwa yake, ba ya sauka ko an kwana, wannan daban ne. Yana iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta, kuma ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙasar nan. Yana iya zama tarin fuka na ciki, ko ƙari a mahaifa, ko ciwon daji na ƙwan mace, wanda sau da yawa da kumburi da saurin ƙoshi yake fara sallama. Idan akwai rama ba dalili, ko jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida, ko amai mai naci, ko abinci yana tsayawa a ƙirji, ko ƙarancin jini, ko idanu sun yi rawaya, ko kuma abin sabo ne ga wanda ya haura 50, asibiti za a nufa. Ciki ya kumbura farat ɗaya da ciwo mai tsanani da amai, ba bayan gida ba tusa, wannan ko tsakar dare ne a nemi mota. Yaro ƙarami mai babban ciki da siraran hannuwa shi ma ba ya cikin wannan lacca, a kai shi a duba abincinsa da tsutsar ciki.

Wanda aka duba aka ce ba a ga komai ba, ya karɓi wannan a matsayin albishir, sannan ya fara aiki. A rage yawan loma a zama ɗaya, a ci a nutse. Bayan cin abinci a taka ƙafa minti goma ko sha biyar, don an auna an ga iska ta fi tafiya a hanjin wanda yake tsaye ko yake motsi fiye da wanda ya kwanta. Abincin da ake zargi a ajiye shi mako biyu, ɗaya bayan ɗaya, a dawo da shi a gani. Ban yarda da dogon jerin haramcin nan da ake ba mutane ba, a hana ka wake, a hana ka yaji, a hana ka tsami, a hana ka mai, har ka koma daga kunu sai farar shinkafa. Mutum ya rame a banza, tsoron abinci ya ƙaru, tsoron kuma ya ƙara kumburin.

Numfashin kuma mu gwada yanzu. Kowa ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Ja iska ta hanci a hankali, kada kafaɗa ta ɗaga. Yanzu fitar da ita ta baki, a hankali, ta fi shigarta tsawo, kana jan cibiya ciki kamar za ta taɓa baya. Lokacin fitarwar nan ne tantanin yake hawa. A yi haka minti biyar kafin cin abinci, minti biyar bayansa. Ba zai yi aiki a kwana ɗaya ba, sai an lizimta makonni.

Bari in tsaya nan a yi tambaya.

Tambaya: Likita, ni idan cikina ya kumbura kanwa nake jiƙawa in sha, kuma ina yin gyatsa in ji sauƙi. Akwai laifi?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kanwa idan ta haɗu da tsamin tumbi, ita kanta iska take haifarwa. Gyatsar da kuke yi, mafi yawanta iskar da kanwar ta ƙera ce a lokacin, ba wadda ta dame ku ba. Sauƙin da kuke ji gaskiya ne, tana kashe ƙwannafi, gyatsa kuma tana sassauta saman tumbi na ɗan lokaci. Matsalar ita ce gishirin da ke cikinta. Ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya, shan ta kullum haɗari ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ku sa a auna jininku, Baba, kafin ku ci gaba.

Tambaya: Ni madara ce take kumbura mini ciki, amma fura da nono ba ta yi mini komai. Ya aka yi haka?

Hajiya, wannan naki ba ruwan ƙwaƙwalwa sosai. Yawancin mutanen duniya idan sun girma jikinsu yakan rage abin da ke narkar da sukarin madara. A 1971 an yi bincike a nan Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana cikin waɗanda suka yi shi, aka samu Fulani makiyaya mafi yawansu suna narkar da shi har girma, alhali Yarabawa kusan duka ba sa iyawa. Shi nono ya riga ya yi tsami, bakteriya sun cinye wani kaso na sukarin kafin ya iso bakinki. Ki ci gaba da furarki, madarar shayi kuma ki rage ta zuwa abin da cikinki yake ɗauka.

Tambaya: Yayata likita ya rubuta mata wani magani, da muka duba sai muka ga na masu ciwon damuwa ne, sai mijinta ya hana ta sha. Shin likitan yana nufin taɓin hankali gare ta?

A'a, ƙanwata, ko kusa. Ina jin amitiriftilin ne ko ɗan'uwansa. Asalinsa maganin damuwa ne, haka ne, amma a babban awo. A ƙaramin awo, miligiram 10 zuwa 30, aikinsa rage ƙarfin saƙon ciwo da ke tasowa daga hanji, kamar yadda ake ba masu ciwon suga shi saboda zafin ƙafa. A 2023 an buga gwajin da aka yi a Ingila a kan mutum 463 masu irin wannan ciwon hanji, waɗanda suka sha shi wata shida sun fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki samun sauƙi. Yana sa barci da bushewar baki, yana iya ƙara taurin bayan gida, shi ya sa da dare ake shan sa, kuma ba a saya a kemis haka kawai, musamman mai ciwon zuciya ko mai juna biyu. Kuskuren da aka yi shi ne ba a zaunar da maigidan an yi masa bayani ba. Ki ce su koma tare, shi da ita, ya tambayi likitan duk abin da yake ransa. Na ga ana yi mini nuni da agogo, an kusa kiran magariba. Masu sauran tambaya su same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.